Wa Ke Cewa "A Fara"? Tarihin Yadda Sikirif Ya Karɓi Maɓallin Gina Manhaja

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ɗan layi guda ɗaya. Duk wanda ya ɗan jima a harkar rubuta manhaja ya taɓa cin karo da shi: layin da ake sawa a cikin sikirif, ya aika wa wata kwamfuta da ke can wata duniya saƙo cewa ta fara gina manhaja yanzu. Rubuta shi ba ya cin minti biyu. Amma kafin a iso gare shi an yi tafiyar shekaru masu yawa, kuma duk tafiyar a kan tambaya ɗaya aka yi ta: wa ke da ikon cewa "a fara"?

Bari in share fage saboda sababbin shiga. Abin da mai rubuta manhaja yake rubutawa, wato kod, ba shi ne yake sauka a wayarka ba. Sai an tattara fayilolin, an juya su zuwa abin da na'ura ke ganewa, an gwada, an ƙunshe. Wannan aikin shi ake kira gini. Idan mutum goma suna aiki a kan manhaja ɗaya, kowa da ɓangarensa, dole a riƙa haɗa aikinsu ana ginawa ana gwadawa a kai a kai, don a gane da wuri idan gyaran Audu ya karya aikin Binta. Wannan ɗabi'a ita ce ake taƙaitawa da CI. Shi kuwa sikirif ɗan fayil ne da aka jera umarni a ciki, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tsaya a kanta ba. To, mu je zuwa.

Mu fara daga 1976, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, inda aka haifi Unix. A lokacin mutum ne yake tuna wane fayil ya taɓa, wanne ne kuma yake buƙatar a sake juya shi. Stuart Feldman ya ba da labarin cewa wani abokin aikinsa ya shigo masa ofis a fusace, ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a manhajar da ba ta da kuskure. Ya riga ya gyara, mantawa ya yi bai sake juya fayil ɗin ba, don haka tsohon abu yake ta gwadawa. Daga nan Feldman ya rubuta make. Aikinta shi ne ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake gina abin da ya canza kaɗai da duk abin da ya dogara da shi. Ku lura da abin da ya faru a nan. Sanin yadda ake gini ya tashi daga kan mutum ya koma cikin fayil. Amma har yanzu mutum ne zai zauna ya buga kalmar make da yatsunsa.

Mataki na gaba shi ne agogo. Unix tana da wani ɗan shiri mai suna cron, wanda yake duba jadawali ya tayar da aiki idan lokacinsa ya yi. Da aka haɗa irin wannan agogo da make, sai aka samu ginin dare: kowa ya tura aikinsa kafin ya tashi, na'ura ta gina cikin dare, da safe a zo a ga sakamako. Kamfanin da ya yi suna wajen ginin kullum shi ne Microsoft. Steve McConnell ya rubuta a 1996 cewa Windows NT na farko yana da layin kod miliyan 5.6 a cikin fayiloli 40,000, kuma cikakken gini yakan ci har awa 19 a kan kwamfutoci da yawa, amma duk da haka kullum sai sun gina. A wasu ƙungiyoyin, wanda ya karya ginin akan sa masa hular wawaye ko ya biya 'yar tara. Joel Spolsky ya ce a ƙungiyar Excel hukuncin shi ne kai za ka riƙa gadin ginin har sai wani ya karya ya karɓe ka. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Matsalar agogo ita ce bai san abin da ke faruwa ba. Ko an canza wani abu ko ba a canza ba, ƙarfe biyun dare zai tashi. Idan kuma ka karya abu da ƙarfe tara na safe, ba za a sani ba sai gobe, bayan mutum ashirin sun ɗora aikinsu a kan ɓarnar.

Kamfanin Netscape ya gwada wata hanya. Da suka saki kod ɗin burauzarsu ga duniya a watan Maris na 1998, aka kafa Mozilla, sun fito da wani kayan aiki mai suna Tinderbox. Kwamfutoci ne jere, wannan Windows, wannan Mac, wannan Unix, kowace tana gini ba tsayawa, ta gama ta sake farawa, ta aika sakamakon ta imel zuwa shafi ɗaya da kowa ke gani. Kore lafiya lau, ja kuma an karya. Idan abin ya yi muni sai a rufe rumbun kod ɗin, babu mai ƙara komai sai an gyara. A nan babu mai cewa a fara, don ba a taɓa tsayawa ba. Sai dai hakan na nufin ware na'urori suna aiki dare da rana.

Sunan CI kansa ya bayyana a rubuce-rubucen Grady Booch a farkon shekarun 1990, amma wanda ya mayar da shi ɗabi'ar kullum shi ne Kent Beck. A 1996 aka ba shi jagorancin aikin manhajar biyan albashi ta kamfanin motoci na Chrysler, kuma daga wannan aiki ne tsarin da ya kira Extreme Programming ya fito, littafinsa ya biyo baya a 1999. Hujjarsa mai sauƙi ce. Idan kowa ya riƙe aikinsa wata uku sannan aka zo haɗawa, haɗawar kanta sai ta zama yaƙi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka a riƙa haɗawa sau da yawa a rana. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, wannan CI na farko ba shi da wata saba mai aiki da kanta. Kwamfuta ɗaya ake warewa a gefe. Idan babu kowa a kanta, mutum biyun da suka gama aikinsu su je su zauna, su ɗora gyaransu, su gudanar da gwaje-gwaje har sai duk sun wuce. Har a 2006 James Shore yana ba da shawarar cewa tsohuwar kwamfuta, da ƙararrawar tebur, da kazar roba ta wasan yara sun isa. Wanda kazar ke hannunsa shi kaɗai ke da izinin haɗa aikinsa, idan ya gama ya buga ƙararrawa ya mayar da ita. Ku riƙe wannan kaza a ranku, za mu dawo kanta.

A watan Satumba na 2000, Martin Fowler da Matthew Foemmel na kamfanin ThoughtWorks suka wallafa maƙalar da ta yaɗa CI a duniya, kuma a 2001 ma'aikatan kamfanin suka saki CruiseControl kyauta. Saba ce, wato kwamfutar da ke zaune tana jiran aiki, kuma dabararta ita ce leƙe. Bayan kowane ɗan lokaci sai ta leƙa rumbun kod ta tambaya, akwai sabo? Idan babu ta koma ta kwanta. Idan akwai ta gina, ta aika wa mutane sakamako. Wannan ya fi agogo hankali nesa ba kusa ba, don canji ne yake jawo gini. Amma ku yi lissafi. Aiki ɗaya da ke leƙe kowane minti zai yi tambaya 1,440 a rana. Kamfani mai ayyuka 500 ya kai tambaya 720,000 kenan, kuma kusan dukkansu amsarsu babu. Kamar yaron da aka aika ya duba ko baƙo ya iso, yana zarya tsakanin zaure da cikin gida tun safe, alhali da baƙon ya iso sallama zai yi.

Yauwa, yanzu mun iso kan mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan labari. Kohsuke Kawaguchi ɗan Japan ne da ke aiki a kamfanin Sun Microsystems a Kalifoniya. Ya sha faɗa cewa shi ne wanda yake yawan karya gini a ƙungiyarsu, har ya gaji da kiran da ake masa, sai ya ce bari ya rubuta abin da zai kama kuskurensa kafin abokan aiki su kama. Ya fara a 2004, ya saki Hudson a farkon 2005. Hudson ya karɓu saboda sauƙin girkawa, da kuma yadda kowa zai iya rubuta masa ƙari. A 2008 ya ci lambar yabo ta Duke's Choice a taron JavaOne.

Amma abin da ya shafe mu shi ne tsarinsa. A Hudson kusan komai yana da adireshin intanet nasa. Kowane aiki da adireshinsa, kowane gini da nasa, sakamakon ma haka. Maɓallin da kake dannawa a shafi don a fara gini, ba komai yake yi ba illa aika saƙo zuwa adireshin aikin da kalmar build a ƙarshe. To idan burauza za ta iya aika wannan saƙo, me zai hana sikirif? Dama kayan aikin yana nan. Daniel Stenberg, ɗan Suwidin, ya fara aiki a kan wani ɗan shiri tun 1996 don ɗauko farashin canjin kuɗi daga intanet, wanda a 1998 ya koma curl. Ka ba curl adireshi, ya aika saƙon, shi ke nan. Aka ƙara wani zaɓi a saitin aiki na ba da izinin tayar da gini daga nesa, har an rubuta a gefensa cewa misali daga sikirif. Ka zaɓi wata kalmar sirri, wadda ake kira tokin, ka maƙala ta a ƙarshen adireshin. Duk wanda ya zo da ita, saba za ta fara gini ba tare da ta tambayi ko shi wane ne ba.

Kun ga kazar robar nan ta dawo. Abin da ke hannunka shi ne izininka. Bambancin shi ne kaza ɗaya ce, tana kan tebur, kowa na ganin wanda ya ɗauka. Tokin kuwa rubutu ne, ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da mai shi ya ji a jikinsa ba.

Kafin mu ci gaba, ga yadda sunan ya canza, don na san yawancinku Jenkins kuka sani. Oracle ya kammala sayen Sun a watan Janairu na 2010. A ƙarshen shekarar rigima ta tashi tsakanin kamfanin da masu ba da gudummawa a kan inda za a ajiye kod ɗin da kuma wanda ya mallaki sunan Hudson. Oracle ya ce sunan nasa ne. A watan Janairu na 2011 aka kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka zaɓi a canza suna, Jenkins ya fito a watan Fabrairu, Kawaguchi da yawancin masu aikin suka bi shi. Oracle ya miƙa Hudson ga gidauniyar Eclipse, daga baya aikin ya tsaya. Sunan ya zauna a hannun kamfani, mutanen suka tafi da aikin.

Mu koma kan yaron da ke zarya a zaure. Rumbunan kod irin su Subversion da Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, suna da abin da za mu kira ƙugiya: wani gurbi da za ka rataya sikirif, da zarar an turo sabon kod sai rumbun ya tayar da shi da kansa. Ka sa layin curl a cikin wannan sikirif, baƙo ya yi sallama kenan, an huta da leƙe. A 2007 Jeff Lindsay ya raɗa wa irin wannan dabara suna webhuk idan tsakanin shafukan intanet ake yin ta: ka ba wani shafi adireshinka, idan abu ya faru ya aiko maka. GitHub, wanda aka buɗe a 2008, ya sa abin ya zama ruwan dare. A watan Disamba na 2011 Kawaguchi da kansa ya yi rubutu yana cewa lokacin leƙe ya wuce, ya nuna yadda ƙugiyar Git za ta sanar da Jenkins. Dabarar da ya yi tana da kyau: saƙon ba ya tayar da gini kai tsaye, yana sa Jenkins ne ya leƙa sau ɗaya, idan da gaske akwai sabo sannan ya gina. Saboda haka aka bar wannan ƙofa ba tokin. Ta zauna haka sama da shekara goma, sai a 2022 aka ga ita ma tana da haɗari aka sa mata makulli.

Daga nan sai sabar kanta ta bar ofis. Travis CI ya fito daga Berlin ta Jamus a 2011, kyauta ga manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe ga kowa. Ka ajiye ɗan fayil a rumbunka na GitHub mai bayanin yadda ake gini, sauran aikin nasu ne. CircleCI ma a shekarar aka kafa shi, GitLab ya kawo nasa. Kowannensu ya buɗe API, wato ƙofar da manhaja ke magana da manhaja, kuma kowace ƙofa da tokin ɗinta. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, a watan Oktoba na shekarar aka sanar da GitHub Actions, a watan Nuwamba na 2019 aka buɗe shi ga kowa.

Ga wani abin dariya. Lokacin da GitHub Actions ya fito, babu maɓallin da mutum zai danna ya tayar da aiki haka kawai. Tura kod yana tayarwa, agogo yana tayarwa, saƙon API mai suna repository_dispatch yana tayarwa. Don haka mai son ya fara gini da hannunsa sai ya rubuta layin curl, ya yi shigar sikirif. Sai a watan Yuli na 2020 aka kawo workflow_dispatch tare da maɓalli a shafi. A 1976 yatsan mutum ne kaɗai hanya. A 2020 shi ne na ƙarshe da aka tuna da shi.

To me ya sa mutane ke son tayar da gini daga sikirif, tunda tura kod ma yana yi? Saboda ba duk dalilin gini ne ke zuwa daga kod ba. Wata manhaja da taka ta dogara da ita ta fitar da sabon salo, kana so a sake gwada taka. Edita ya wallafa labari, ana so a sake gina shafin. Ginin farko ya gama, ana so na biyu ya tashi a wani rumbu dabam. Kuma akwai abu ɗaya da tsarin ya gada tun zamanin Hudson wanda yake rikita sababbi. Amsar da saba ke ba sikirif ba ta nufin gini ya yi nasara. Jenkins yakan mayar da lamba 201 tare da adireshin gurbinka a layi, wato an karɓa, ka jira. GitHub ya yi shekaru yana mayar da 204, wato na ji, babu ƙarin bayani. Idan sikirif yana son sanin ƙarshen labari, dole ya koma yana tambaya, an gama? An gama? Leƙen da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Akwai kuma haɗarin gini ya tayar da gini, shi ma ya tayar da na farkon, a yi ta juyawa har kuɗi su ƙare. Shi ya sa GitHub ya tsara cewa yawancin abubuwan da aka yi da tokin ɗin da yake ba aiki da kansa ba sa tayar da sabon aiki.

Yanzu ga inda maganar ta daina zama wasa. Sabar gini ta yau ba gwaji kaɗai take yi ba. A cikinta ake ajiye makullan rumbun bayanai, da na sa hannu a kan manhaja, da na tura ta ga jama'a. Wanda ya iya ce mata fara, kuma ya iya zaɓar abin da za ta gina, ya kusa zama mai gidan. Kuma shekaru da yawa Jenkins yana zuwa a buɗe ne idan ka girka shi, ba ya tambayar kalmar sirri sai ka kunna da kanka. Sai a Jenkins 2.0, a watan Afrilu na 2016, aka mayar da kulle ya zama shi ne asali. Tokin da aka maƙala a adireshi kuma yakan zauna a tarihin umarnin da ka buga, da rajistar saba, da cikin sikirif ɗin da aka tura rumbu kowa na gani. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A watan Disamba na 2020 aka gano abin da ya faru da SolarWinds. Maharan ba su taɓa kod ɗin da ke rumbu ba. Sun zauna a kan na'urar gini suna jira, da zarar an fara gina manhajar Orion sai su musanya fayil ɗaya, a gina da nasu, a sa hannun kamfani a kai. Kamfanin ya ce abokan cinikinsa da suka sauke gurɓataccen salon za su kai 18,000, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da ma'aikatar kuɗi ta Amurka.

A watan Afrilu na 2021 sai Codecov. Dubban ayyuka suna da layi a cikin gininsu da ke ɗauko sikirif ɗin wannan kamfani da curl ya gudanar da shi nan take. Tun ƙarshen Janairu wani ya samu shiga ya ƙara layi a sikirif ɗin, wanda yake kwashe sirrikan da ke cikin ginin ya aika waje. Wata biyu ana haka, sai da wani abokin ciniki ya lura cewa lambar tantance fayil ɗin ba ta yi daidai da wadda aka wallafa ba. A farkon Janairu na 2023 kuma CircleCI ya ce wa duk abokan cinikinsa su canza kowane sirri da suka ajiye a wurinsa, bayan an shiga ta kwamfutar wani injiniyansu. A 2021 ɗin dai, masu haƙar kuɗin kirifto suka gano cewa idan suka aika wa wani aiki buƙatar a karɓi gyara, gini zai tashi da kansa, sai su cusa shirin haƙarsu su ci wutar wasu kyauta.

Wani zai ce to a koma hannu mana. Tarihi ya amsa wannan ma. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45. Binciken hukuma ya nuna cewa ma'aikaci ne ya kwafa sabon kod zuwa sabobi, bakwai suka samu, ta takwas ba ta samu ba, kuma babu wanda ya sake dubawa. Mantuwar da ta sa aka rubuta make a 1976, ita ce dai. Mutum yana gajiya, yana mantuwa, yana tafiya hutu.

Abin da aka yi shi ne an sake raba aikin. Maimaici aka bar wa sikirif, hukunci aka mayar wa mutum a wuraren da suka fi haɗari. A 2021 GitHub ya sa dole wani mai kula da aiki ya amince kafin ginin wanda bai taɓa ba da gudummawa ba ya tashi. Ana iya sa mataki na tura manhaja ga jama'a ya tsaya sai wani ya sa hannu. A ƙarshen shekarar kuma aka kawo tsarin da aiki zai karɓi makulli na ɗan lokaci wanda yake mutuwa da kansa, maimakon wanda zai zauna shekara uku a fayil. Wato ana ƙoƙarin mayar da tokin ya yi kama da kazar roba: a san wanda ya ɗauka, ya yi abu ɗaya da ita, ya mayar.

Ni a ganina wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Matashi a Kano ko Zinder da ke da tsohuwar laftof da wutar da ba ta da tabbas, yau yana iya tura saƙon da bai kai girman hoto ɗaya ba, na'urar da ke wata nahiya ta gina masa manhajar Android. GitHub Actions kyauta ne ga rumbun da ke buɗe, rufaffe kuma akwai minti 2,000 a wata ga asusun kyauta. Abin da ƙungiyar Windows NT ta ware na'urori da ma'aikata a kansa, kai ka same shi a aljihu. Amma da yawanku aikin wasu kuke yi, daga nesa, kuma amana ce jarinku. Ranar da abokin ciniki ya ba ka tokin, makullin shagonsa ya ba ka.

Don haka kafin ka rubuta layin nan, ka tambayi kanka abu huɗu. Wannan tokin me da me yake iya yi, kuma zan iya rage shi zuwa aikin nan kaɗai? A ina yake zaune, cikin ma'ajiyar sirri ko cikin fayil ɗin da zan tura rumbu? Yaushe zai mutu? Idan kuma aka tayar da gini da ƙarfe ukun dare, akwai inda zan duba in san wanda ya ce a fara? Idan ka taɓa tura tokin rumbu ko sau ɗaya, goge layin bai isa ba, Git yana riƙe da tarihi. Ka soke shi ka ciro sabo, yau.

A nan za mu dakata. Wanda yake da tambaya kan Jenkins ko GitHub Actions ya aiko, za mu tattara mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa abokinku da ya fara koyon Git.